Wuraren yaƙi a kewayen Sakkwato: akwai abin gani ko duk gonaki ne?

Abban_Hanifa:
Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina neman shawarar mutanen Sakkwato da duk wanda ya san ƙasar. Za mu je ɗaurin aure can daga Kaduna ni da iyali, kuma ina so in ƙara 'yan kwanaki in zaga da yarana biyu da ke sakandare su ga wuraren yaƙe-yaƙen nan da suke haddacewa saboda jarrabawa, Tabkin Kwatto, Alƙalawa, Giginya, Satiru da sauransu. To wani abokin aikina Basakkwace ya ce kar in ɓata man mota, wai in ban da Hubbare babu abin gani, sauran duk gonakin gero ne da kufai ko allo ba a kafa ba. Haka ne? In akwai inda mutum zai je ya ga wani abu da idonsa a taimaka a faɗa min.

Dan_Kofar_Rini:
Wa alaikumus salam, maraba da baƙi. Abokinka bai yi ƙarya ba amma ya ƙara gishiri. Ka hwara da Hubbare da sahe tun rana ba ta buɗe ba, nan Shehu ya ke kwance, ga kabarin ɗiyatai Nana Asma'u nan wurin, daga nan ka taka Masallacin Shehu da na Bello. Sannan a kai ka gidan tarihi na Waziri Junaidu, can kayan yaƙin su ke. Giginya kam gari ya cinye ta, wurin da anka yi karon bayan ganuwa ne ta kudu, yanzu ko duk gidaje ne da kwalta. Suna dai ya rage, ga hilin ƙwallo na Giginya, ga barikin soja na Giginya, ga otal. Ka ce ma mai kabu-kabu kai ni Giginya sai ya ce maka wacce ciki, Alhaji?

Sadiya_Mabera:
Gidan tarihin nan kar ku tsallake shi Abban Hanifa, yara za su fi jin daɗinsa a kan ko'ina. Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne kayan da mayaƙa ke sawa, da takubba da masu da kwari da baka. A littafi in an ce lifidi sai ka ɗauka wani ƙarfe ne, ashe auduga ce aka cusa aka ɗinke ta da kauri a lulluɓe doki da mahayinsa don kibiya ta maƙale a ciki. Ka tsaya ka yi tunanin mutum cikin wannan kaya a zafin Sakkwato na watan Maris kawai. Akwai kuma tsofaffin wasiƙu da littattafai na rubutun hannu, in yaranka sun yi allo za su iya tsintar wasu kalmomi.

Almajirin_Tarihi:
Tunda yara za ka kai gara ka je da labarin a kanka, don ƙasa ba ta magana. Yaƙin Giginya ranar 15 ga Maris 1903 aka yi shi. Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu a lokacin ko wata shida bai cika a kan gado ba, don Abdurrahman ya rasu ne a Oktoban 1902, mutane kuma kansu a rabe, wasu na cewa a yi hijira, wasu a yi sulhu, wasu a yi yaƙi. Kanar Morland ne ya jagoranci rundunar Turawa bayan sun ci Kano, sojojinsa ba su kai 700 ba amma da bindigogin Maxim da igwa. Mutanen Sakkwato suka fito fili suka yi sahu a wajen ganuwa maimakon su tsaya bayanta, shi ya sa abin bai daɗe ba, kafin rana ta take an gama. Abin da su kansu Turawan suka rubuta da mamaki shi ne mutanen da suka tsaya a gindin tuta, wannan ya faɗi wancan ya ɗauka har suka ƙare. Bayan kwana kaɗan Lugga ya iso, ranar 21 ga wata aka naɗa Attahiru na biyu ɗan Aliyu Babba.

Bakano_Zalla:
Wato dai Sarkin ya gudu kenan kamar yadda namu Alu ya yi, sai dai ku kun iya gyara zance hhhh

Dan_Kofar_Rini:
Kai Bakano kiyayi bakinka. Wanda ya gudu ba ya tsayawa ya mutu da takobi a hannu. Hijira ya yi, kuma dubban mutane sunka bi shi, manoma sunka bar gonakinsu, har sarakuna. Ku ne dai ranar da anka shiga Kano sarkinku ba shi gari.

Bakano_Zalla:
Ba ya gari saboda yana wajenku ya je gaisuwa, to laifin wa kenan? Wasa nake malam. Amma da gaske Abban Hanifa, tunda ta Funtuwa za ka bi, kafin ka shiga Gusau za ka ga dutsen Kwatarkwashi daga cikin mota, nuna wa yara. A wajen nan ne rundunar Kano da ke komawa gida ta yi karo da Turawa a ƙarshen Fabrairun 1903, Waziri Ahmadu ya yi shahada a nan. Kano ita tun 3 ga Fabrairu aka ci ta. Shi Alu kama shi aka yi, ya ƙare rayuwarsa a Lakwaja a 1926. Nunawa kawai na ce, ban ce ka tsaya ɗaukar hoto a hanyar nan ba, kuma kar ka yarda yamma ta yi maka tsakanin Tsafe da Gusau.

Jikan_Bajoga:
Ƙarshen labarin Attahiru ai a wajenmu yake, Burmi, kusa da Bajoga a ƙaramar hukumar Funakaye ta jihar Gombe. Sau biyu aka gwabza. Na farko a watan Mayu Turawa ne suka ja da baya, na biyu ranar 27 ga Yuli 1903 nan Sarkin Musulmi ya faɗi da mutane sama da 600, su ma Turawan shugabansu Manjo Marsh kibiya mai dafi ta kashe shi. Har yau ana zuwa wurin kabarin. Na san ya yi maka nisa a wannan tafiyar, amma duk wanda ya ga Giginya bai ga Burmi ba rabin labari ya ji.

Ummu_Ammar:
Ni tambayata ɗaya, meye amfanin kwasar yara a kai su kaburbura? Ziyarar kabari don tuna lahira ce ba yawon buɗe ido ba, kuma abubuwan da na ga wasu na yi a irin wuraren nan, ɗibar ƙasa da shafe-shafe, shi kansa Shehun da ya gani da ya hana.

Sadiya_Mabera:
Ummu Ammar ai ba tabarruki ya ce zai je nema ba, tarihi zai nuna wa 'ya'yansa. A yi sallama a yi wa mamata addu'a a fito, ina laifi?

Ummu_Ammar:
Ban ce haramun ba ne 'yar uwa, na ce dai a kula.

Mai_Kula_Da_Zaure:
Dan Allah kar a mayar da wannan zancen na Izala da Ɗariƙa, mun san inda yake ƙarewa. A tsaya kan tambayar bawan Allah.

Bagobirin_Tsibiri:
Ina ta karatu ina jira in ga ko wani zai taɓo Alƙalawa, shiru. Kullum haka ne, in ana labarin wuraren nan sai a ba da shi daga baki ɗaya. Alƙalawa babban birni ne, hedikwatar Gobir, nan Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki, kuma sai da aka kai mata hari ba sau ɗaya ba kafin ta faɗi a Oktoban 1808 aka kashe Yunfa. Mu a wajenmu ba ranar murna ba ce, ranar da kakanninmu suka watse ce, daga baya bayan yaƙin Gawakuke na 1836 wasu suka kafa Tsibiri nan kusa da Maraɗi, wasu kuma daga baya suka yi Sabon Birni. Kufan yana nan ƙasar Sabon Birni, tudun ganuwa da kaburburan sarakuna, tsofaffi na zuwa ziyara. Ni Musulmi ne ina girmama Shehu, amma in za a kai yaro wurin a faɗa masa cewa waɗanda aka ci ɗin ma mutane ne masu sarauta da malamai da kasuwa, ba wasu arna cikin daji ba kamar yadda ake koya musu a lakwal, wato makarantar boko.

Almajirin_Tarihi:
Bagobiri maganarka na kan hanya, ai shi kansa Shehu a ƙasar Gobir aka haife shi ya tashi, kuma ya yi wa'azi a gaban Bawa. Sannan yaƙin ba ɓangare ɗaya ne ya sha wuya ba. Yara sun san Tabkin Kwatto na Yunin 1804 saboda jama'ar Shehu ce ta yi nasara ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo, amma nawa ne suka san Tsuntsuwa a ƙarshen shekarar nan, inda aka kashe musu mutum wajen 2,000 ciki har da mahaddata Alƙur'ani kusan 200? Ko Alwasa a 1805 da aka kusa gamawa da su a bakin Gwandu? Waɗannan ba a cika sa su a jarrabawa ba.

Bagobirin_Tsibiri:
To ka ga irinta. Tsuntsuwa mu muka yi nasara shi ya sa ba a sa wa filin ƙwallo sunanta ba.

Bakano_Zalla:
Giginya ma ai ba nasara aka yi ba kuma an sa wa filin ƙwallo, hujjarka ta rushe Bagobiri

Dan_Kofar_Rini:
Ku bar gardama ku hwaɗa ma mutum gaskiya. Abban Hanifa, Alƙalawa da Tabkin Kwatto ka cire su daga lissahi yanzu. Gabas wajen Sabon Birni da Isa kowa ya san halin da a ka ciki da 'yan bindiga, arewa maso yamma kuma Gudu da Tangaza ga Lakurawa. Mu da mu ke nan ba mu zuwa sai dole, balle kai da mata da yara da mota mai lambar Kaduna. Wurin ba ya gudu, in Allah ya kawo zaman lahiya ka dawo. Ko Wurno da Degel da ba su kai can nisa ba sai ka tambayi mutanen gidan bikin ranar da za ka, kar ka dogara da abin da munka rubuta nan, yau da gobe ba ɗaya ba ne.

Abban_Hanifa:
Na gode ƙwarai, wannan ita ce maganar da uwargida take so ta ji. To Satiru fa? Na ga kamar tana kusa da gari.

Almajirin_Tarihi:
Kusa take, kamar mil 14 kudu da Sakkwato, amma a nan kam abokinka ya yi gaskiya, fili ne. Kuma rashin komai ɗin shi ne labarin. A Fabrairun 1906 talakawa da bayin da suka gudo da mabiya Mahadiyya suka taru a garin ƙarƙashin Malam Isa da wani malami makaho da ya tsallako daga ɓangaren Faransa, Ɗan Makaho. Turawa suka je da sojan doki suna ganin abin wasa ne, mutanen nan da gatura da fartanyu da baka suka auka musu, suka kashe Turawa uku da sojoji sama da 20 har suka ƙwace Maxim. Ranar 10 ga Maris aka dawo musu da babbar runduna, aka kashe mutane wajen 2,000, aka rushe garin, aka kwashe mata da yara, aka kuma hana kowa ya sake zama a wurin. Abin da ya sa ba a son zancen shi ne ba Turawa kaɗai suka yi aikin ba, da goyon bayan masu sarautar Sakkwato aka yi. Wa zai kafa allo a nan, ya rubuta me?

Dan_Kofar_Rini:
Malam a yi adalci. Shekara ukku kacal bayan Giginya da Burmi, sun ga abin da Maxim ka yi da idonsu, in sun goyi bayan Satiru Sakkwato ce za a mayar kuhwai. Kuma mutanen Satiru ɗin su ma sun ƙone ƙauyukan maƙwabtansu da sunka ƙi bin su. Mai sauƙi ne mutum ya zauna da waya a hannu ya yanke ma mutanen da hukunci.

Almajirin_Tarihi:
Ban yanke hukunci ba, abin da ya faru na faɗa. Irin wannan muhawarar ai tun 1903 ake yin ta, Waziri Buhari da ya dawo ya yi sulhu da Turawa sai da ya rubuta wa malamai takarda yana bayanin dalilinsa, cewa in kowa ya tafi wa zai tsaya wa talakawan da ba su iya hijira. Attahiru ya zaɓi tafiya, Waziri ya zaɓi zama. Marafa Maiturare ya yi yaƙi da Turawa a Giginya, kuma shi ne ya zama Sarkin Musulmi a 1915 a ƙarƙashinsu. Yaran sakandare sun isa su ji wannan duka.

Tsohon_Soja_82:
Abin da ba ku faɗa ba, su waye sojojin da Morland ya zo da su? Turawan 'yan kaɗan ne, sauran duk baƙaƙe ne kuma da yawansu Hausa suke ji. Kakana sojan Bature ne, shi Bama ya je a yaƙin duniya na biyu, ya dawo da ciwon ƙafa da lambobi a cikin gwangwani. Mu a soja aƙalla mun sa wa barikoki sunayen wuraren da aka yi yaƙin da na runduna, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Letmauk a Ibadan, duk daga yaƙin Bama ne, kuma duk 15 ga Janairu ana ajiye furanni. Amma tambayi wanda ke wucewa ta ƙofar barikin kullum me sunan ke nufi, ba zai sani ba. To ba Giginya kaɗai ba ce.

Bamaiwurne:
Salam daga Sudan. Ina jin daɗin wannan hira don mu jikokin waɗanda suka tsira daga Burmi ne. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, shi ya ci gaba da jama'a gabas har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin har yau sunansa Mai Wurno kuma ana Hausa da Fulatanci. A nan kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023 ana kai 'yan makaranta Umdurman su ga ƙubbar Mahadi da gidan Halifa Abdullahi da aka mayar gidan tarihi, da filin Karari inda Kitchener ya kashe Ansar, mabiya Mahadi, wajen 10,000 a rana ɗaya a Satumban 1898, da irin bindigar da aka kawo muku bayan shekara biyar. Yanzu mu ma ba mai zancen ziyara, ana ta kai ne. Burina in ga Hubbare kafin in mutu.

Sadiya_Mabera:
Allah ya kawo ku lafiya ɗan uwa, Allah ya zaunar da ƙasashenmu. Wlh jikina ya yi sanyi.

Bakabe_Na_Argungu:
Tunda an rufe maka gabas da arewa, juyo yamma ka zo Argungu, tafiyar wuni ɗaya ce ka je ka dawo. Gidan tarihi na Kanta tsohuwar fadar sarki ce da aka mayar gidan tarihi a 1958, ginin ƙasa ne, sarakunan Kabi na kwance a ciki, ga makamai ga tambura ga layu da kayan tsari ga kayan kamun kifi. Kuma nan za a ba yaranka labarin ta ɗaya gefen irin wanda Bagobiri ke nema, don an ci Birnin Kabi a 1805 amma Kabawa suka koma Argungu suka yi ta fafatawa da Sakkwato da Gwandu har Turawa suka zo ba a ci su ba. Bikin kamun kifin nan da kowa ya sani ma ai daga zuwan Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ne a 1934, alamar an daina gaba. Surame kuma, birnin Kanta mai ganuwar dutse, tana ƙasar Binji, tun 2007 tana jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO, sai dai ita ma daji ce, a tambaya tukuna.

Bagobirin_Tsibiri:
Kabawa kun ji daɗi kuna da gini. Mu sai waƙa da kirari.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Duk kun cika shi da shekaru da sunaye ba wanda ya ce masa ya ɗauki ruwa. Bawan Allah in lokacin zafi ne ka gama yawonka kafin sha ɗaya na safe, ka sa wa yara hula, matan kuma su tafi da babban mayafi saboda Hubbare. Ka riƙe canji a aljihu don masu bara da masu yi maka bayani. Kuma ranar Juma'a wurin cika yake. Na taɓa kai ɗalibai wani gidan tarihi a wata jiha muka tarar mai makulli ya tafi ɗaurin aure, muka zauna gindin bishiya har azahar, tun daga nan ba na zuwa irin wuraren nan sai na sa wani ɗan gari ya leƙa min tukuna.

Dan_Kofar_Rini:
Hajiya ta hwaɗi gaskiya. In Wurno ta yiwu ka je, nan kabarin Sarkin Musulmi Bello ya ke, ya rasu 1837, kuma garin ribaɗi ne, wato don tsaron iyaka ya gina shi ya zauna ciki da kainai, in ka ga tudun da garin ya ke kai da fadamar da ke ƙasa za ka gane dalili ba sai an yi maka bayani ba. Sifawa kuma nan kusa ce hanyar Boɗinga, nan Shehu ya zauna kahin ya komo Sakkwato a 1815. Cikin gari ka bi da su ƙohohi, Ƙohwar Rini, Ƙohwar Kware, Ƙohwar Marke, Ƙohwar Atiku, Taramniya, su ga iyakar tsohon birni.

Abban_Hanifa:
Madalla, Allah ya saka da alheri. Yadda na tsara: Hubbare da masallatai da gidan Waziri Junaidu rana ɗaya, Argungu rana ɗaya, Wurno in 'yan gari sun ce a je. Giginya zan tsaya da su ko bakin filin ƙwallon ne in ba su labarin tutar. Satiru har yanzu ina wasi-wasi, babban yaron ya karanta abin da Almajirin Tarihi ya rubuta ya nace sai ya gani, ni kuma ban san me zan nuna masa ba in mun je.

Bakano_Zalla:
Abokin aikin naka dai ya ci rabin gardama, cikin wurare huɗu da ka lissafa biyu ba sa zuwuwa, ɗaya ta zama unguwa, ɗaya fili

Bagobirin_Tsibiri:
Alƙalawa ba ta zuwuwa yanzu ba yana nufin babu komai ba ne Bakano, ka bambance. Abban Hanifa in kana da katin shiga Nijar wata rana ka zo ta Jibiya ka shigo Maraɗi, Tsibiri na nan bakin hanya, fadar Sarkin Gobir na nan, a ba yaranka labarin Yunfa daga bakin jikokinsa su haɗa da wanda za su ji a Sakkwato.

Jikan_Bajoga:
Wai ba wanda zai ce masa ya zo Burmi sai ni? Daga Kaduna ta Jos da Bauchi hanya ce miƙaƙƙiya, hutun ƙarshen shekara ma ya isa.